Ƙamus ɗin Bakin Hanga: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na sayi littafi mai kaurin bango da biro biyu, naira 2,300, na buɗe shafin farko da bismillah. Niyyata in tattara kalmomin da muke aiki da su kullum a hanga, wato rumfar gyaran jirgin sama, da na lantarkinsa, da waɗanda matuƙa da 'yan hasumiya ke faɗa wa juna ta rediyo, in yi wa kowacce bayani da Hausar da yaron da ya gama sakandare zai gane.

Ba wai za a koma cika takardar aiki da Hausa ba ne. Littafin gyara da Turanci yake, jarrabawar lasisi ta hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da Turanci ake yin ta, kuma haka zai ci gaba. Amma shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, na ga yara masu hannu, masu kai, suna haddace kalma kamar aku, in ka ce su gaya maka abin da ƙarfen ke yi sai su yi zuru. Ɗan yayata yana son shiga kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Makon jiya ya zo min da tambayoyi, na yi masa bayani da Turanci ya ce ya gane. Na sake da Hausa, sai ya ce, "Au, Kawu, ashe wannan ne?" Wannan "au" ɗin ne ya tura ni shagon littattafai.

Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Baɗi shekara 100 ke nan, amma abin da bakin Bahaushe ya sani bai wuce jirgi da fiffike da matuƙi da farfela ba.

Zan bi lambobin babi na ATA, waɗanda littattafan gyara ke bi ko jirgin na Boeing ne ko na Airbus. Babi na 24 wutar lantarki, 27 abubuwan sarrafa jirgi a sama, 28 mai, 29 haidirolik, 32 ƙafafu da birki, 34 na'urorin gane hanya, 49 ƙaramin injin wutsiya da ake kira APU, daga 71 zuwa 80 kuwa babban inji. Burina kalma 300 kafin azumi, kowacce da rubutu da kuma murya, don wanda karatu ke yi wa nauyi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kalma 14 bayan isha'i, duk masu sauƙi. Fiffike, wutsiya, hanci, ciki, ƙofa. Na gaji, na kwanta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na yini a garejin ƙanin mahaifina a wajen Ƙofar Ruwa. Na je da tunanin zan ƙirƙiro kalmomi, na dawo da shafi huɗu na waɗanda tuni suke bakin mutane. Sifana, filaya, sukurdireba, noti, washa, giris, baƙin mai, totur, filogi, batir, fis, salansa, lagireto. Ba wanda ya zauna a ofis ya yanke musu wannan, hannu ne ya taɓa ƙarfen, baki ya lanƙwasa sunan.

Baffa ya duba littafin, ya ga na rubuta "ma'aunin buɗe hanyar mai", ya ce, "Ɗana, wannan fa mene ne?" Na ce totur. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ka ce totur mana, wa ka ke wa wa'azi?" Na soke.

Ƙa'idar farko ke nan: in gareji yana da kalmar, kuma aikin ƙarfen ɗaya ne a mota da jirgi, ba zan taɓa ta ba. Kuɗin adaidaita da rake na yaran gareji, naira 1,800.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Babi na 32. Na zaɓi "ƙafar jirgi" maimakon "taya", saboda taya guda ce daga cikin abin, akwai sandar da ke shanye dukan sauka, da birki, da abin da ke naɗe ƙafar ya shigar da ita ciki. Na ƙara bayanin cewa ba iskar fakaneza ake ɗura wa tayar babban jirgi ba, naitirojin ne, don ba shi da danshi kuma ba ya taimaka wa wuta in birki ya yi zafi. Jimla yanzu 61.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na sha kunya a makon nan, kuma ni na jawo.

Ɗan yayata yana taya ni kwafe kalmomi daga littafi zuwa waya. Ya zo kan kalmar da muke furtawa "sitol", ya tambayi wani a gareji, aka ce masa ai mutuwar inji ne, kamar yadda mota ke mutuwa in ka saki kulochi da gaggawa. Ya rubuta haka. Ni kuma na dawo daga aikin dare ido na lumshewa, na tura shafin gaba ɗaya ga yaran da ke koyon aiki a wajenmu ban karanta ba.

Ranar Alhamis da hantsi maigidana na farko ya kira ni, dattijon da ya fara riƙa min sifana, ya yi ritaya tuntuni. Wani yaro ya nuna masa. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Injiniya, kai ka rubuta wannan?"

"Ranka ya daɗe, Baba, yaro ne ya kwafa."

"Da sunan wa ya fita?"

Na yi shiru. Ya ce haka ake sa hannu a takardar aikin da ba a duba ba.

Gaskiyarsa. A jirgi kalmar ba ta da alaƙa da inji ko kaɗan. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa a lafe. In hanci ya ɗagu, kusurwar da fiffiken ke fuskantar iska ta wuce iyaka, wajen digiri 15 ko sama kaɗan a yawancin fuka-fukai, sai iskar ta daina lafewa, ta tarwatse, ɗaukar ta zube. Inji na iya kasancewa yana ruri da dukkan ƙarfinsa jirgin na faɗuwa. Jirgin Air France mai lamba 447 da ya taso daga Burazil a 2009 haka ya faɗa teku da mutum 228, injunansa biyu suna aiki har ƙarshe. Maganin abin ma ya saɓa wa zuciya: ka dungurar da hanci ƙasa alhali ƙasar kake gudu. Yaron da ya ɗauka mutuwar inji ce, tunaninsa duk zai tafi wani wuri.

Kwana biyu ina juya kalmar. "Faɗuwa" sakamako ne, ba dalili ba. "Tsayawa" ƙarya ce, jirgin bai tsaya ba. Na tsaya kan "suɓucewar iska daga fiffike". Na ɗauki yaron a mota muka hau titin Katsina, na ce ya miƙa tafin hannu ta taga a kwance, ya riƙa ɗaga gaban yatsu sannu-sannu. Hannun ya yi ta ɗaguwa, can sai ya ji ɗagawar ta sake shi, iska ta koma tura shi baya kawai. Ya ce, "Kawu, ta suɓuce." Na ce rubuta.

Akwai wani sitol ɗin kuma na cikin inji, inda iska ke rikicewa a fuka-fukan kwamfuresa har a ji ƙara kamar bindiga. Shi zai shiga babi na 72 da sunansa daban. Na janye shafin, na tura gyara da ban haƙuri. Ƙa'idar gareji ta samu togaciya: sai na tabbata aikin ɗaya ne, ba sunan kawai ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Babi na 27. Sunan abin juya hanci dama da hagu, wanda ke jikin wutsiya a tsaye, in Bahaushe ya furta shi "rada" yake fitowa, daidai da rada mai hango jirage. Na sa masa "akalar wutsiya". Abin da ke zazzagowa a bayan fiffike lokacin tashi da sauka na kira shi "leɓen fiffike". Jimla 98.

Lahadi, 8 ga Disamba

Lantarki ya fi komai ba ni wuya, don ba a ganin sa. Na zauna wajen wani mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari, mutumin da ya yi shekara talatin yana shaƙar hayaƙin darma. A wajensa komai "wuta" ne. Wuta ta yi yawa, wuta ta yi ƙasa, wuta ta ci kwandansa. Ni kuwa ina bukatar in raba wutar gida uku. Da tankin ruwa muka warware: tsayin da aka ɗora tanki shi ne "ƙarfin turi", wato bolt, yawan ruwan da ke bi ta tiyo shi ne "yawan gudu", wato amfiya, ƙuncin tiyon shi ne "turjiya". Ya ce bai taɓa faɗa haka ba amma haka yake ji a hannunsa.

Na gaya masa manyan jirage suna aiki da wuta mai kai-komo ta bolt 115 mai juyawa sau 400 a daƙiƙa, alhali ta gida sau 50 take juyawa, sai kuma wuta miƙaƙƙiya ta bolt 28 irin ta batir. Kafin in faɗi dalili ya riga ni: "Ai tiransifomarsu za ta zama ƙarama ke nan." Haka ne, in juyawar ta yi yawa ƙarfen ciki yana raguwa, nauyi ya ragu, jirgi kuwa ba abin da ya tsana kamar nauyi.

Kalma biyu suka tsaya min a wuya. Ta farko "bas". A littafin gyara sandar da wuta ke taruwa a rarraba ta ce, amma duk yaron da ya ji zai hango motar Kano zuwa Wudil. Na sa "matattarar wuta". Ta biyu ita ce wadda masu wayarin gida ke cewa wayar ƙasa. Jirgi a ƙafa 35,000 wace ƙasa ya taɓa? Gangar jikinsa ce hanyar da wuta ke komawa. Na rubuta "komawa ta jiki". Ba ta yi min daɗi a baki ba, amma ba ta yi ƙarya ba.

Ga hunturu ya shigo, riga na tartsatsi in ka tuɓe ta cikin duhu. Da shi na yi bayanin dalilin da ya sa muke ɗaura igiya a wuyan hannu kafin mu taɓa katin kwamfutar jirgi, da dalilin 'yan siraran jelar da ke bayan fiffike, masu zubar da wannan wutar cikin iska don kada ta cika rediyo da ƙarar shuu. Na ba malamin naira 3,000 na goro, da ƙyar ya karɓa.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, jirage na jinkiri, na samu lokaci. Na kwafi rahoton yanayi irin na METAR da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa, wanda na Kano ke farawa da DNKN. A nan Hausa ba ta bin kowa bashi: HZ hazo, DU ƙura, TS tsawa, CB kuwa gajimaren hadari mai tasowa kamar dutse, wanda duk manomi ya san shi.

Abin da ya ci min shafi biyu shi ne ma'aunai. Tsayi da ƙafa ake auna shi, nisan gani da mita, tafiya da mil na teku mai mita 1,852, gudu da not, lokaci kuma da agogon duniya wanda namu ya fi shi da awa ɗaya. Kamar kasuwar da ake awo da mudu da tiya da gwangwani a rumfa ɗaya. Na sa labarin jirgin Air Canada na 1983 a gefen shafi, Boeing 767 da aka lissafa masa mai da fam maimakon kilo, ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata, injuna suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin soja a Gimli ba wanda ya rasu.

QNH na bar shi da sunansa, da bayani: lambar nauyin iska ce da ake murɗa wa agogon tsayi, ta yadda in jirgi na zaune a filin Malam Aminu Kano zai nuna wajen ƙafa 1,560, tsayin wurin daga teku. Can sama kowa ya koma 1013 don awon ya zama ɗaya.

Lahadi, 22 ga Disamba

Muryoyi 47 sun tafi.

Farkon wata na sayi katin ajiya na waya a wata rumfa, an rubuta 64 a jikinsa, naira 4,500. Arha ta ja ni. Duk daren da na naɗi bayanin kalma ina turawa can. Jiya na buɗe in saurara, sunayen suna nan reras, amma ko ɗaya ba ya buɗewa. Na kai wa wani mai gyaran waya, ya sa a kwamfuta, ya ce katin na jabu ne, cikinsa bai kai 8 ba, an yi masa dabara ne ya riƙa faɗin 64. In ya cika sai sabon abu ya hau kan tsoho ba tare da ya ce uffan ba. Na biya naira 2,000 kuɗin dubawa, ba a ceto ko ɗaya ba. Na koma rumfar, mai ita ya ce ba ya tuna fuskata.

Abin da ya fi ci min rai, a wurin aiki ko washa ba na ɗaurawa sai na ga takardar shaidar inda ta fito. Kayan da ba takarda keji muke kulle su, komai kyansu. Sai ga ni na ɗora aikin mako uku a kan abin da ba shi da asali. Cikin waɗanda suka ɓace har da hirar da na yi da mai rediyon Sabon Gari, da muryar Baba yana bayanin suɓucewar iska da bakinsa, wadda sai da na yi ta roƙo kafin ya yarda.

Na sayi wani katin a babban shago da rasit, naira 9,000. Daga yau kowace murya wuri biyu: kati da intanet. Data ta wata, 6,000. Maiɗakina ta ce wannan ƙamus ya fara cin kuɗin cefane.

Lahadi, 29 ga Disamba

Na sake naɗar 12. Muryata ta dishe da mura. Ba sabuwar kalma.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Babi na 34, bututun Pitot. Sunan wani Bafaranshe ne, don haka na bar sunan, na ƙara "bututun shaƙar iska". Ɗan ƙarfe ne a gefen hancin jirgi, bakinsa na kallon gaba, iskar da ke dukan sa ita ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. Abokiyar aikinsa 'yar kafa ce a jikin jirgi mai jin nauyin iskar da ke kwance.

Da na zo bayanin dalilin da muke sa masa murfi mai jan ƙyalle in jirgi zai kwana, ban sha wahala ba, zanzaro ya yi min aikin. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda yake cusa laka a duk ramin da ya samu, har makullin ƙofa. A 1996 jirgin Birgenair, Boeing 757, ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Jamhuriyar Dominika da mutum 189. Ya yi kwanaki a ajiye, kuma masu bincike sun fi zargin irin wannan ƙwaro ne ya toshe bututun. A shekarar dai jirgin Aeroperú ya faɗi da mutum 70, an liƙe kafofin iskar da tef lokacin wanke jirgi aka manta ba a cire ba. Wannan shafin musamman don masu wanke jirgi na rubuta shi, su ne suka fi kowa kusa da wurin kuma su ne ba a cika yi wa bayani ba.

Jimla 187.

Lahadi, 12 ga Janairu

Abokina mai aiki a hasumiya ya zo cin tuwo, na tsare shi da littafi.

Mun fara da Roger, kalmar da matuƙa da 'yan hasumiya ke amsa wa juna da ita ta rediyo. Na rubuta "to". Ya ajiye cokali ya ce in soke maza. "To" ɗin Bahaushe ai ba ta da gindi: tana nufin na ji, tana nufin na yarda, tana nufin zan yi, wani lokacin ma tana nufin ka yi ta faɗa ba zan yi ba. Roger kuwa abu ɗaya take nufi, saƙonka ya iso kunnena. Ba "e" ba ce, ba alkawari ba ce. Wilco ita ce "na gane kuma zan yi". Muka rubuta "na ji" da "zan aikata", na ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗin kada a fassara ko ɗaya da "to".

Ya ba ni labarin da kowane ɗan hasumiya ya sani, na Tenerife a 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Bayan nan aka taƙaita kalmar tashi a rediyo, ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashin ko soke shi. Da na Avianca a 1990 kusa da New York, waɗanda mai ya ƙare musu suna ta cewa a ba su fifiko, ba su furta kalmar gaggawa da aka sani ba.

Maƙwabcina Bamaraɗe yana zaune yana jin mu. Da aka zo kan Pan-pan, kiran matsalar da ba ta kai ga rai ba, sai ya ce, "Ai wannan tamu ce, can gida in mota ta lalace cewa muke ta yi pan." Daga Faransanci duka suka fito, haka Mayday ma, daga kalmarsu ta neman taimako. Waɗannan ba fassara, kamar yadda suke za a faɗe su, sau uku. Na ƙara lambobin da matuƙi ke dannawa in baki ya gagara: 7700 gaggawa, 7600 rediyo ta mutu, 7500 an ƙwace jirgi. Da mitar kiran ceto, 121.5.

Asabar, 18 ga Janairu

Littafin gyara yana da jan kunne hawa uku: na abin da zai raunata mutum ko ya kashe shi, na abin da zai lalata kaya, da na ƙarin bayani kawai. Na sa Gargaɗi, Hattara, Lura. Baba ya ce Hattara ta fi Gargaɗi zafi a kunnensa, ita ake yi wa mutum in rami na gabansa. Na tambayi mutum tara, shida sun bi Baba. Na juya su: Hattara ga rai, Gargaɗi ga kaya.

Litinin, 27 ga Janairu

Na kai kalma 240 wani shagon buga takardu a yi min gwaji, kwafi 20, shafi 36 kowanne. Mun yi ciniki naira 34,000, na ba da 20,000 kafin alƙalami. Yaron shagon ya ce zai gyara min tsarin shafi ya yi kyau. Ban tsaya ba, ina da aikin yamma.

Yau na je karɓa, an buga, an ɗinke. Na buɗe tsakiya, idona ya faɗa kan "bakin akwati". Ya canza salon haruffa zuwa wanda ba shi da ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ suka koma akwatuna, shi kuma don taimako ya bi ya mayar da su k da d da b.

A wasiƙar gaisuwa da sai in haƙura. A nan kuwa, baƙin akwati, na'urar da ke naɗar bayanan tafiya da muryar matuƙa, wadda ma ruwan goro ce ba baƙa ba, ta koma bakin akwati. Baƙin mai ya koma bakin mai. Ƙafar jirgi ta zama kafar jirgi, alhali a babi na 34 ina da kafar iska ta gaske, abu biyu da ba abin da ya haɗa su. Ƙusa ta zama kusa. Mafi muni, shafin yanayi: na yi sakin layi guda ina bambanta hadari na ruwan sama da haɗari na asarar rai, yanzu ya koma hadari da hadari, har da jimlar da ke cewa ba kowane hadari ne hadari ba.

Na nuna wa mai shagon. Ya ce, "Alhaji, ai duk Bahaushe zai gane." Na ce wanda ya riga ya sani zai gane, littafin kuwa na wanda bai sani ba ne. Muka yi ta ja, a ƙarshe ya yafe cikon 14,000, ni kuma na yi asarar abin da na bayar. Na kwaso su na zuba a kwali ƙarƙashin gado. Ba zan ba kowa ko ɗaya ba, darasin Nuwamba bai bar ni ba.

Laifina a ciki: na kai fayil ɗin da ake iya taɓawa. Nan gaba PDF zan kai, kuma sai an buga shafi ɗaya na gani da idona.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na bi shafi 36 harafi-harafi a kwamfutar abokina, na mayar PDF. Ba kuɗin sake bugawa sai albashi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na tara yara biyar masu koyon aiki a zauren gidanmu, na buga musu shafi takwas kawai, naira 2,400, da shayi da burodi. Ina karanta Hausar, su faɗi sunan da ke littafin gyara, sannan mu juya.

"Leɓen fiffike" da "akalar wutsiya" sun shiga nan take. "Matattarar wuta" ma haka. "Katse-wuta" kuwa sun ƙi ta, suka ce kowa bireka yake cewa har a gida. Na bar musu bireka. "Komawa ta jiki" uku ba su gane ba sai da na zana, tana bukatar aiki.

Mun daɗe a kan tok, wanda na kira "awon ɗauri". Ɗaya daga cikinsu ɗan gareji ne kafin ya zo mana, ya ce, "Oga, mu dai a can sai noti ya yi kuka muke bari." Na ɗauko sifana mai awo na sa ya ɗaura har ta ce ƙas, na ce nan ne iyaka, ko hannunka na ƙaiƙayi. Na nuna musu wayar kulle, yadda ake murɗa ta ta ja noti wajen ɗauri ba wajen kwancewa ba. Sannan na ba su labarin jirgin British Airways na 1990 wanda gilashin gabansa ya fice a sama, iska ta zuƙe kyaftin rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka, ya rayu. An canza gilashin kafin tafiyar, 84 daga cikin ƙusoshi 90 sun fi ƙa'ida siranta da abin da ido ba zai raba ba, saboda da ido aka zaɓo su ba da lambar kaya ba. Ɗan garejin ya yi shiru, can ya ce a ƙara "lambar kaya" a ƙamus ɗin. Wallahi na manta da ita. Ta zama ta 251.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Azumi saura mako guda, ina kan 263, ba 300 ba. Babi na 29 ko rabi bai kai ba, abin da na rubuta kawai shi ne ruwan haidirolik na manyan jirage shuɗi-shuɗi ne mai ja, yana ƙona ido, kuma matsinsa a yawancinsu fam 3,000 ne a kan kowane murabba'in inci, don haka ba a neman yoyo da tafin hannu. Babin inji ko taɓa shi ban yi ba.

Abin da na kashe zuwa yau naira 51,000, har da asarar kati da ta bugu. Muryoyi 39 na sake naɗa. Baba ya yarda in koma ranar Talata bayan la'asar da waya, ya ce wannan karon in zo da caji da hankali.

Cikin azumi ba naɗar murya, maƙogwaro ba zai ɗauka ba. Zan riƙa rubuta kalma biyu bayan asham, in fara da kwamfuresa da ɗakin ƙuna da tabain. Bayan salla in kai PDF wani shagon, kwafi 10 kacal. Wani malamin Hausa ya ce zai duba min ƙa'idar rubutu in na kai masa, shi kuma abokina na hasumiya yana bin bashin duba shafukan rediyo, sau biyu ke nan yana cewa mako mai zuwa.